Aikin dala daga ɗakina a Aboabo, ko ƙaramin albashi a Accra?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, yayyena da iyayena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga sana'ar rubuta manhaja, domin al'amarin ya tsaya mini a rai, kuma a gidanmu babu wanda ya san yadda wannan aiki yake. Na karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar KNUST, na kuma gama bautar ƙasa a wani ofishi a nan Kumasi, inda gyaran firinta da jan wayar intanet suka cinye mafi yawan lokacina. Abin da na iya na harsunan rubuta manhaja, Python da JavaScript, wani daga aji na samo shi, wani kuwa da daddare na koya wa kaina.

Yanzu Allah ya kawo mini dama biyu a lokaci guda. Ta farko wani ƙaramin kamfani ne a Accra da ke haɗa shagunan 'yan kasuwa da tsarin biyan kuɗi ta waya. Suna da manyan injiniyoyi, amma albashin bai taka kara ya karya ba, kuma dole in bar gida in nemi ɗakin haya. Ta biyu wani ɗan kasuwa ne a Amurka da yake so in riƙe masa manhajar wayar kamfaninsa. Kwantiragin wata shida ne da za a iya sabuntawa, biya da dala, kuma idan na juya kuɗin zuwa sidi ya kusa ninka na Accra sau uku. Daga ɗakina zan yi aikin, sai dai ni kaɗai ne injiniya, shi kansa mai kamfanin bai san kod ba, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi.

Ni ne babba a ɗakinmu. Mahaifinmu girma ya kama shi, mahaifiyarmu tana sayar da atamfa a Kejetia, ga ƙanne a makaranta. Duk wanda na faɗa wa a gida, dalar yake nuna mini. Ku da kuka daɗe a harkar, wanne za ku zaɓa da a ce yau kuke farawa? Sannan ina jin ana ta cewa ƙirƙirarriyar basira za ta raba ƙananan injiniyoyi da aikinsu. Idan haka ne, ashe ba gara in tara abin da zan iya tarawa tun da wuri ba?

Tsohon Hannu, Nima:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun da ka yi. Ni dai Accra zan ce ka tafi, kuma zan faɗi dalilina dalla-dalla, domin na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mai nauyin gida ya kawar da kai daga kuɗi.

A shekarun farko na wannan sana'a, babu abin da ya kai a samu wanda zai karanta abin da ka rubuta kafin ya isa hannun jama'a. Kai ɗan Kumasi ne, ka san Suame Magazine, unguwar makanikai: yaron da ke koyon gyaran mota ba kallon inji ke ƙwarar da shi ba, maigidan da ke tsaye a kansa ne, yana cewa kwance wannan, ba haka ake ɗaure shi ba. Idan kai kaɗai ne injiniya, kuma maigidanka bai san kod ba, duk abin da ya bayyana a fuskar waya zai yaba, ko da cikinsa a ruɓe yake. Kuskurenka ba mai gani balle ya gyara, har ya zame maka ɗabi'a, kuma bayan shekara uku za ka je neman babban aiki a tarar hannunka yana nan inda yake a watan farko.

Bari in nuna maka irin abin da nake nufi, tunda kamfanin na harkar kuɗi ne. Wata mata ta tsaya a shago a Makola za ta biya sidi 200 ta MoMo, wato kuɗin waya. Manhajarku ta tura buƙata ga kamfanin sadarwa, wayarta ta nemi lambar sirri, ta danna, kuɗi suka fita daga asusunta. Sai saƙon da zai sanar da sabarku, wato kwamfutar da ke riƙe da tsarinku, cewa an biya ya maƙale a hanya, ko kuma ya iso sau biyu, saboda tsarin da ke turo shi bai ji amsarku ba ya sake turowa. Sabon hannu yakan rubuta kod ɗinsa kamar saƙon zai zo sau ɗaya kuma a kan lokaci. Wanda ya daɗe ya san dole kowace ma'amala ta sami lambar shaida tata ita kaɗai, ta yadda ko saƙon ya zo sau goma, sau ɗaya za a shigar da shi. Ya san shiru ba ya nufin an biya, ba ya kuma nufin ba a biya ba, sai an koma an tambaya. Ya san kowace safiya sai an gwada lissafin kamfaninku da na kamfanin sadarwa, layi bayan layi, kafin mai shago ya kira yana faɗa. Ya kuma san ba a ajiye kuɗi a rumbun bayanai da lamba mai ɗigo, sai a mayar da su pesewa cikakkiya, domin idan ka ce wa Python ta tara 0.1 da 0.2, amsar da za ta ba ka ba 0.3 cif ba ce, akwai ɗan ɓurɓushi a can ƙarshe, kuma ɓurɓushin nan idan ya taru a ma'amaloli masu yawa, akanta ne zai zo nemanka.

Ka kuma tuna harajin E-Levy, wanda aka ɗora a kan tura kuɗi ta waya. Ya fara aiki a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, tare da yafe sidi 100 na farko a kowace rana. A Janairun 2023 aka rage shi zuwa kashi 1. A Afrilun 2025 aka soke shi gaba ɗaya. Injiniyan da ya cusa 1.5 a wurare daban-daban cikin kod ɗinsa ya kwana yana farautar su a kowane sauyi. Wanda ya ajiye adadin a wuri ɗaya, tare da ranar da ya fara aiki da ranar da ya daina, layi ɗaya ya ƙara, kuma ko an zo mayar wa wani kuɗin tsohuwar ma'amala, lissafin zai fito da adadin wancan lokaci. Irin wannan hangen ba a aji ake samunsa ba, daga bakin wanda abin ya taɓa ƙona wa hannu ake jinsa.

Fagen kansa ma mai zurfi ne a ƙasar nan. MTN ta kawo kuɗin waya Ghana a 2009, a 2018 GhIPSS, kamfanin Babban Bankin Ghana mai kula da hanyoyin biyan kuɗi, ta haɗa hanyoyin ta yadda mai layi ɗaya zai tura wa mai wani layin kai tsaye, a 2019 kuma aka yi dokar tsarin biyan kuɗi, Act 987, wadda a ƙarƙashinta Babban Bankin Ghana ke ba kamfanonin lasisi. Wanda ya san wannan fage ciki da bai, da ka'idojinsa da wuraren da yake karyewa, yana da abin da ba a sauke shi daga intanet, kuma kamfanonin waje ma irinsa suke nema idan sun zo shiga kasuwarmu.

Mazaunin Asawase:

Yaya Tsohon Hannu ya yi gaskiya a kan bitar kod, amma da girmamawa nake cewa ya wuce maganar gida da sauri. Na daɗe ina yi wa kamfanonin waje aiki daga nan Kumasi, da shi na yi aure, da shi nake riƙe iyayena, kuma ba na so ƙaninmu ya ɗauka cewa duba halin gida kwaɗayi ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowa ya san masu gidaje a Accra sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba. Wanda zai fara da ƙaramin albashi dole ya san inda wannan kuɗi zai fito tun kafin ya hau mota.

Sai dai, ƙanena, ninki ukun nan da kake gani ba ninki uku ba ne, kuma ina so ka zauna da biro da takarda. Ma'aikacin kamfani a Ghana ana cire masa kashi 5.5 na albashinsa don fansho, kamfanin kuma ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba shi hutun aƙalla kwana 15 na aiki a shekara tare da biya. Harajinsa kuma kamfani ke cirewa ya kai. Ɗan kwantiragi ba shi da ko ɗaya. Ranar da ba ka yi aiki ba, ba a biya ka ba, ko zazzaɓi ne ya kwantar da kai ko Sallah ce. Harajinka kai za ka lissafa ka kai wa hukumar haraji ta GRA, domin mazaunin Ghana yana biyan haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito. Asusun fansho na SSNIT kuwa sai ka yi wa kanka rajista, kuma ka tuna sai mutum ya yi zubi na wata 180 kafin ya cancanci fansho na wata-wata.

Sannan dalar kanta ba ta tsaye wuri ɗaya. A farkon 2022 dala ɗaya tana kusan sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta haura 14, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 a watan Disamba. A lokacin masu karɓar dala su ne abin sha'awa. A 2025 kuwa sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusa da 10 cikin 'yan makonni, sai ga mutumin da albashinsa bai canza ba a takarda ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga hannunsa. Duk wanda ya ɗauki alkawarin kuɗin makaranta da na gini a kan farashin sama ya ji a jikinsa.

Ka cire kuɗin inbata da batir, domin mu da muka ga dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki na 2015, ba ma wasa da wuta. Ka cire kuɗin layi biyu na intanet, ka kuma san akwai ranar da biyun ba za su cece ka ba, kamar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, ƙasar ta wayi gari intanet na rarrafe. Ka kuma tambayi a wane gari mutumin yake: New York tana bayanmu da awa 4 ko 5 gwargwadon lokacin shekara, Kalifoniya da awa 7 ko 8, wato taron ƙarfe biyu na ranarsu zai same ka bayan sallar isha'i. Babban suna ma ba ya tsare mutum: Twitter ta sanar a 2021 cewa a Ghana za ta kafa ofishinta na Afirka, a Nuwamban 2022 aka sallami kusan dukkan ma'aikatan Accra.

Idan duk da haka halin gida ya sa dole ka karɓa, kada ka fara sai an rubuta ranar biya, da wa'adin sanarwa kafin a raba gari, da iyakar abin da ke kanka. Ka nemi ya ware kuɗin wani gogaggen injiniya da zai riƙa duba kod ɗinka ko da sau ɗaya a mako; mai hankali zai yarda, domin dukiyarsa ake tsarewa. Abin da ya dame ni a wannan tayin ba nisan ba ne, kaɗaicin ne. Da ƙungiya ce mai manya a ciki, da ban yi jinkirin cewa ka karɓa ba.

'Yar Madina:

Sannunku da ƙoƙari, yayyena. Ƙanena, abu ɗaya nake so in ƙara, domin an yi ta magana kamar zaman manyan injiniyoyi a ofishi shi ne koyarwa. Na ga wuraren da manyan suna nan, amma kowa ya toshe kunne yana fama da nasa, sabon yaro kuma a jefa masa aiki a ce ya gama kafin Juma'a. Irin wannan wuri ya haɗa maka ƙaramin albashi da kaɗaici, ka yi asara ta kowane ɓangare.

Saboda haka ka koma musu da tambayoyi kafin ka amsa, kuma kada ka ji nauyi, domin tambaya mai kyau tana ƙara maka daraja a idonsu. Ka tambaya ko kod yana iya shiga manhajar da jama'a ke amfani da ita ba tare da mutum na biyu ya duba ba. Ka tambaya wane ne zai riƙa duba naka, ka nemi a haɗa ku ko na minti goma. Ka ce su ba ka labarin ranar ƙarshe da tsarinsu ya faɗi da abin da suka yi bayan nan. Idan amsar ta kasance sunan wanda ya yi laifi, ka gane gidan da za ka shiga, idan kuwa suka nuna maka abin da suka rubuta da abin da suka gyara don kada ya sake faruwa, to wurin koyo ne. Ka kuma tambaya ko albashi yana zuwa a kan lokaci, kuma wannan daga bakin ƙaramin ma'aikaci za ka ji gaskiyarsa.

Duk inda ka tafi, ka koyi rubutu. Ina cikin masu tantance sababbin ma'aikata a wurinmu, kuma abin da ke raba mutum biyu masu ƙwarewa ɗaya shi ne wanda zai iya bayyana a sakin layi guda abin da ya canza, da dalilinsa, da abin da yake tsoron zai iya lalacewa. Idan ka maƙale, kada ka ɓoye har ranar miƙa aiki, kada kuma ka ce kawai ba ya aiki. Ka rubuta abin da kake so ya faru, da abin da ya faru, da abin da ka riga ka gwada.

Kana da wani jari kuma da ba ka ambata ba. Kai ɗan 'yar kasuwa ne, kana jin Hausa, kuma na tabbata kana jin Twi. Ka je ka zauna a rumfar Hajiya a Kejetia ranar da kasuwa ta cika, ka ga yadda take karɓar kuɗi: hannu ɗaya riƙe da atamfa, ɗayan da waya, mai saye yana nuna mata saƙo a wayarsa yana cewa ya tura, ita kuma tana jiran nata saƙon ya shigo kafin ta saki kaya. Ka lura da masu ƙaramar waya da ke danna *170# don tura kuɗi saboda ba su da data. Injiniyan da ya taɓa ganin wannan ba zai rubuta saƙon kuskure da dogon Turanci ba, ba zai kuma gina abin da sai da intanet mai ƙarfi yake buɗewa ba. Ka riƙe amanar bayanan mutane. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, tana kan duk wanda ke riƙe da lambobin waya da na Ghana Card, kuma ko babu doka, ba a kwashe bayanan abokan ciniki zuwa kwamfutar gida don gwaji.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya 'Yar Madina, na kira su na yi tambayoyin. Sun ce babu kod ɗin da ke wucewa sai mutum na biyu ya amince, sun haɗa ni da wanda zan zauna a ƙarƙashinsa, shi kuma ya nuna mini rahoton da suka rubuta bayan wata matsala ta biya sau biyu, irin wadda Yaya Tsohon Hannu ya kwatanta. Na yi lissafin da Yaya na Asawase ya ce, tazarar ta ragu sosai ko da yake ba ta ɓace ba. Akwai ƙanin mahaifinmu a Mamobi da ya ce in sauka a wurinsa har in tsaya da ƙafafuna. Zuciyata ta karkata ga Accra, amma har yanzu maganar ƙirƙirarriyar basira tana damuna.

Tsohon Hannu, Nima:

Madalla, ƙanena. Game da abin da ke damunka, gaskiya ne aikin ya canza tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu iya rubuta kod suka bayyana: GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT kuma a ƙarshen 2022. Ni kaina ina amfani da su kullum, kuma ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon yaro ya yini a kansu, yanzu cikin mintuna ake fitar da su. Amma abin da suke fitarwa sai an karanta an tantance, domin sukan kawo kod mai kyan gani wanda bai san saƙon biya yana iya zuwa sau biyu ba, kuma idan kuɗin mutane suka ɓace, ba na'ura za a kira gaban manaja ba. Wannan ya ƙara ƙarfafa shawarata ne, domin mai tantancewa sai ya san daidai tukuna, kuma a ɗaki kai kaɗai da na'ura babu wanda zai ce muku ku biyun kun kauce.

Ka yi amfani da su, amma kada ka miƙa layin da ba za ka iya bayyana shi da bakinka ba idan an tambaye ka, kuma kada ka liƙa musu lambobin sirrin kamfani ko bayanan abokan ciniki. Ka zuba ƙarfinka a abubuwan da suka daɗe ba su gushe ba: SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, tun shekarun 1970 ake aiki da shi, Git mai adana tarihin sauye-sauyen kod tun 2005, haka nan sanin yadda saƙo ke tafiya tsakanin waya da sabar, da rubuta gwajin da zai kama kuskure kafin jama'a su kama shi, da iya bin sawun matsala a cikin bayanan da sabar ke rubutawa. Kayan ƙawata fuskar manhaja kuwa suna sauyawa duk bayan 'yan shekaru, ka koyi wanda aikinka ke buƙata ka wuce.

Mazaunin Asawase:

Tunda Baffa ya ɗauke maka nauyin haya, ni ma na koma bayan Accra. Ka zauna da Hajiya da Baba ka faɗa musu adadin da za ka iya turowa kowane wata, adadin da ba zai karye ba ko wata ya yi tsanani, don kada su yi lissafi da dalar da suka ji. Mutumin Amurka kuma ka rubuta masa da ladabi tun yau ka ce ba za ka samu dama ba, kada ka bar shi yana jira. Idan ka san wani gogagge da aikin zai dace da shi, ka haɗa su. Kada ka ce za ka riƙe biyun a ɓoye, domin yawancin takardun ɗaukar aiki suna da sharaɗi a kan aikin gefe, kuma a kamfanin kuɗi ba a wasa da shi. Kafin ka sayi tikitin mota, ka tabbata takardar ɗaukar aikin ta iso hannunka da sa hannu, an rubuta albashin, da tsawon lokacin gwaji, da ranar da za a sake duba albashin bayan ka gama shi.